Takalman Sitti Luba

Ranar Juma'a ce, ƙarfe biyu saura kwata, a bazarar 1976. Sufeto Abdulghaffar ya zauna ke nan gaban farantin shinkafa da kifi a ofishin 'yan sanda na kudancin Jidda. Bai kai loma ta uku ba wani saurayi ya faɗo, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Ya Mulazim," in ji shi, yana kiran sufeto da muƙaminsa na Larabci, "an sace mana gida."

"Gida ɗungurum?"

"Tirela ce. Ɗaki mai taya biyu, da mota ake jan sa."

Sunansa Rafi'u, magatakarda a wani kamfanin jiragen ruwa. Matarsa Zakiya ungozoma ce a asibiti. Su biyun sun ajiye aiki na shekara guda, sun saki hayarsu, sun sa an ƙera musu ɗakin ƙarfe mai gado da murhu. Niyyarsu su haye Bahar Maliya a jirgin Fot Sudan, su bi hanyar da kakanninsu suka biyo da ƙafa, har Haɗeja. Jirgin gobe da hantsi zai tashi.

Abdulghaffar haifaffen Jidda ne, shi ma jikan mahajjata, kuma bai taɓa jin sha'awar ganin inda kakansa ya baro ba. A ransa ya ce yaran zamani ba su san daɗin albashi ba. Ya rufe shinkafarsa da jarida, ya ce wa Kofur Husaini ya ta da mota.

A unguwar Sabil, ƙofar gidan surukin Rafi'u, babu abin da ya rage sai shatar taya biyu a kan ƙura. Rana ta take, ko kyanwa ba ta yarda ta fito ba.

"Yaushe ka gan ta ƙarshe?"

"Da zan tafi masallaci. Da na dawo, fili."

Sufeto ya zagaya wurin a hankali. Duwatsu huɗu da aka tokare tayoyi da su suna jingine da bango, an jera su ɗaya kan ɗaya. Kwaɗon da ke kulle ƙugiyar jan tirelar yana bisansu, a buɗe, ko ƙwarzane babu.

"Ɓarawon naku mai ladabi ne," in ji shi. "Makulli nawa kwaɗon nan yake da shi?"

"Biyu. Ga ɗaya a aljihuna."

"Ɗayan fa?"

Rafi'u ya sunkuyar da kai. "Yana cikin gida. A rataye."

Sufeto bai matsa ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan wani abu. Can gefen shatar taya, a tsakiyar fili, ga takalman fata na mata, tsofaffi, dunduniya ta cinye. Ba watsar da su aka yi ba. An ajiye su kafaɗa da kafaɗa, bakinsu na duban inda babu komai.

"Ƙofar tirelar ta wane ɓangare take?"

Rafi'u ya nuna daidai gaban takalman.

Yunwar da ke cikin Abdulghaffar ta ɓace nan take. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan ajiya. Haka ake tuɓe takalmi a bakin ɗaki, kuma mai shi ba ya tafiya ya bar su sai in bai fito ba.

"Kira mini matarka."

Zakiya ta fito cikin abaya, ta tsaya a bakin zaure. Da ta ga abin da ke hannun sufeto, sai ta gane su nan take.

"Na Sitti Luba ne. Kakata."

"Tana ina?"

"Ran Juma'a gidan Bashira take zuwa hira, nan maƙwabta."

Kofur Husaini ya je ya dawo da sassarfa. Bashira ba ta ga tsohuwar ba tun jiya.

"Tana shiga tirelar?"

"Tana shiga," in ji Zakiya. "Takan ce ɗakin na mata ƙanshin tafiya. Ya Mulazim, ta haura tamanin, kunnenta ba ya ji sosai."

"Ko barci ne ya ɗauke ta a ciki, in ta farka ai sai ta buɗe ƙofa."

Miji da mata suka dubi juna.

"Hannun ƙofar na ciki ba a sa shi ba tukun," in ji Rafi'u. "Yau da la'asar mai walda zai kawo. In ta rufe, sai daga waje."

Sufeto ya dubi agogo. Biyu da minti goma. Ya taɓa bayan motarsu da ɗan yatsa, ya janye da sauri. Tsohuwa ta yi awa ɗaya da rabi a cikin akwatin ƙarfe, kuma wanda ya ja ta bai san da ita ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a gaban mai wuƙa.

"Ina maigidan nan?"

"Abuya, mahaifina, bai dawo ba," in ji Zakiya. "Ran Juma'a yakan tsaya gahawa da abokansa."

"Kai, tare kuka yi salla da surukinka?"

Rafi'u ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. "Masallaci ya cika, ya Mulazim."

"Ba cikar masallaci na tambaye ka ba."

"Ban lura ba."

Ƙarya ce, irin ta kunya. Abdulghaffar ya san ta sarai. Saurayin nan ya gwammace a yanke masa harshe da ya ɗora zargi kan uban matarsa, a gabanta kuma. A wata ranar da sufeto ya yaba masa tarbiyya. Yau ji ya yi kamar ya mare shi.

"Wace mota ke iya jan tirelar?"

"Tawa, ga ta can. Sai ta Hamad mai walda. Shi ya ƙera ƙugiyar, ba irin ta kasuwa ba ce."

Hamad Bahaushen Sudan ne, gidansa layi uku daga nan. Suka tarar da shi kwance a zaure, fanka na kaɗa masa iska mai zafi. Wanet ɗinsa, ƙaramar motar ɗaukar kaya, tana ƙofar gida.

"Motarka ta fita yau?"

"Abadan. Kwana uku ba ta tashi, batir ya mutu."

Sufeto ya durƙusa a bayan motar. Giris ɗin da ke kan ƙugiya an goge shi da sabuwar gugar ƙarfe, yana ƙyalli. A jikin tayoyi akwai farin laka mai gishiri, bai gama bushewa ba.

"Batir ya mutu, amma ta je Khumra, unguwar sito-sito ta bakin teku, ta dawo. Wannan lakar babu ita a Sabil."

Hamad ya tashi zaune. "Tayyib. Na ba da aro."

"Wa?"

"Wallahi ba zan iya faɗa ba. Ya sa na dafa Alƙur'ani. Ya ce alheri yake nufi, kwana biyu kawai, halas."

"Ina ya kai tirelar?"

"Wannan ban sani ba, ban kuma tambaya ba."

Abdulghaffar ya zaro takalman daga hammatarsa ya ajiye a kan tabarma.

"Mai waɗannan tana ciki. Ƙofar da ba ka sa wa hannu ba ta rufe da ita."

Fuskar Hamad ta canza. Rantsuwa ta hana shi furta sunan.

"Riƙe rantsuwarka," in ji sufeto. "Ni zan faɗa. Othman ne, uban yarinyar."

Hamad ya sunkuya, ya rufe fuska da hannu biyu. "Ban ce komai ba, ya Mulazim. Yalla, ku yi sauri."

Uku saura minti biyar suka isa shagon gahawar da ke bakin hanyar tasha. Othman dattijo ne fari tas da furfura, mai kula da wani sito a Khumra. Yana zaune shi kaɗai a kan doguwar kujerar igiya, shayinsa ya huce bai sha ba.

"Ya ammi Othman," in ji sufeto, yana kiransa baffa irin na Larabawa, "an sace tirelar 'yarka."

"La haula. Allah Ya mayar da alheri." Bai tambayi yaushe ba, bai tambayi yaya ba.

"Ina ka yi Juma'a?"

"Masallacin unguwa."

"Liman ya yi wa matafiya addu'a bayan salla?"

"Ya yi," in ji shi da sauri. "Ya yi mai kyau."

Sufeto bai san ko an yi ko ba a yi ba, kuma ya ga dattijon ma bai sani ba. Ya nuna gefen rigarsa.

"Giris ɗin nan fa? A sahun salla ka kwaso?"

"Ni ma'aikacin sito ne."

"Yau Juma'a, sito a rufe. Makullin kwaɗo a gidanka yake rataye. Duwatsu an jera su yadda mai sito ke jera kaya. Ina tirelar?"

Othman ya ɗaga kai, idonsa ya bushe. "Ban san abin da kake faɗa ba. In ta ɓata, ta ɓata. Jirgi ya tashi gobe, su koma bakin aikinsu kamar kowa. In kana da hujja ka kama ni, in kwana uku a wurinku, ba komai."

Nan sufeto ya gane mutumin ya shirya wa ɗauri, ya shirya wa zagi. Babu barazanar da za ta buɗe bakinsa kafin jirgi ya tashi. Sai ya ture kofin shayin gefe, ya ajiye takalman a kan tebur, kafaɗa da kafaɗa, yadda ya same su.

"A bakin ƙofar tirela na tsince su. Ta ɓangaren da ba ka zagaya ba."

Othman ya dube su. Shi ya saye su da hannunsa, shi ya kai su aka sake musu ɗinki bara.

"Inna tana gidan Bashira," in ji shi a hankali.

"Ba ta je ba."

Dattijon ya miƙe, kujera ta kife. "Sito na bakwai, bayan ma'ajiyar siminti. Na kulle ƙofa da sarƙa. Ya Rabbi, na kulle da sarƙa!"

Hanyar Khumra doguwa ce, miƙaƙƙiya, kwalta na tururi. Kofur Husaini ya taka mota iya ƙarfinta. Rafi'u da Zakiya na biye a tasu. A kujerar baya Othman ya rungume takalman, yana magana ba tare da an tambaye shi ba.

"Mu uku ta baro Haɗeja da mu. Ni kaɗai na iso. Yayata a Abeshe aka binne ta, ƙanena a bakin wata rijiya kafin El Obeid. Ina da shekara shida, ina gani. Shekara huɗu muna tafiya. Yanzu 'yata guda ɗaya ta ajiye aikin asibiti, wai za ta bi hanyar nan don sha'awa. Na yi magana, na yi faɗa, suka ce zamani ya canza. Na ce to, bari jirgi ya tafi ya bar su."

Hankalin sufeto ba ya kan maganar. Agogo yake kallo. Uku da rabi ta wuce.

Siton na kwano ne, ciki kamar tanda. Husaini ya karɓi makulli daga hannun Othman ya buɗe sarƙar. Ga tirelar a tsakiya, shuɗiya, shiru. Zakiya ta riga kowa. Ta murɗa hannun ƙofar, zafi ya bugo su.

Tsohuwar na kwance a ƙasa, an lulluɓe ta da farin ƙyalle tun daga kai har ƙafa. Othman ya zube a bakin ƙofa.

Zakiya ta yaye ƙyallen, ta sa yatsu a wuyan kakarta.

"Tana numfashi. Ku kawo ruwa, ku buɗe ƙofar sito duka."

Ƙyallen a jiƙe yake. Likkafaninta ne, wanda take yawo da shi a ƙunshi shekara da shekaru. A gefenta ga jarkar zamzam da maƙwabta suka bayar a kai wa dangi, ta sha rabi, ta jiƙa likkafanin da saura ta rufa. Hanya ta koya mata wannan tun kafin a haifi duk wanda ke wurin, ban da ɗanta.

Suka fito da ita inuwa. Zakiya na ɗiga mata ruwa a baki, Rafi'u na fifita da kwali. Can ta buɗe ido, ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Othman.

"Usmanu," in ji ta, da sunan da ta raɗa masa a gida. "Na ji muna tafiya. Na ce ashe da rabon in ga kabarin yarana. Mun kai Abeshe?"

Othman ya fashe da kuka, kukan babban mutum, marar daɗin ji.

Rafi'u ya matso kusa da sufeto, ya rage murya. "Ya Mulazim, ni ba ni da ƙara. Tirela ta dawo."

"Kai ka yafe tirela. Tsohuwar da ta kusa mutuwa a kulle dole in rubuta ta. Ku kai ta asibiti yanzu." Ya juya. "Ya ammi, ka amsa kai ka ja ta?"

"Ni ne. Ni kaɗai. Hamad bai san komai ba." Ya dubi 'yarsa, ta kawar da kai. "Zakiya, in kun je Abeshe, akwai wata tsamiya gabas da kasuwa. A nan kabarin yayata yake."

Kofur Husaini ya kama hannunsa. Dattijon ya roƙi minti ɗaya. Ya durƙusa a gaban uwarsa, ya kakkaɓe ƙurar ƙafarta da gefen rigarsa, ya sa mata takalman ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe ya bi kofur zuwa mota.