Amsoshin Imran a Ƙarƙashin Gaisuwata

Ran nan yayana, Ya Babakura, ya ce zai mayar wa dangin Imran kayan na-gani-ina-so. Shi ne a madadin babanmu. Ya ce tun da aka yanke layin waya a Borno yaron ya yi shiru a Kano, mai so kuwa ba ya rasa hanya.

Hijabina na ja, na wuce shingen sojoji zuwa kafen intanet na Anti Dorothy a unguwar Bolori, wanda yanke layin bai shafa ba. Ita ta buɗe min imel, da shi na tura wa Imran saƙo ɗaya tak. Kullum in na zo layi ɗaya nake gani, mai taken da na sa, "Ina gaisuwa". Na ɗauka nawa ne zaune. Ban taɓa buɗewa ba, don na rubuta "hasken idona" a ciki, ga mutane ta ko'ina.

Ta ga ina share hawaye, ta leƙo. Ta tambaye ni ko ban lura da lambar gefen layin tana ƙaruwa ba. Na ce na ɗauka zuwana take ƙirgawa.

Dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Fanna, amsa ba ta yin sabon layi. Ƙarƙashin saƙonki take taruwa, tunda takensu ɗaya. Danna mana."

Na danna... Sai ga su jere, sun fi ashirin! "Fannata, kina lafiya?" "Na ji an yi harbi a Ajilari, ki amsa ko da kalma ɗaya ce." Na ƙarshe yana cewa kawunansa sun shirya, rana kawai suke jira.

Na roƙe ta ta buga min na ƙarshen kawai a takarda. Ta ce ina, ba za ta raba abin da na'ura ta haɗa ba, ta buga duka.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar Ya Babakura har ya ɗaure kayan. Na miƙa masa takardun, na ɓuya bayan Mama.

Ya daɗe yana karantawa. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, kunnuwana kamar su kama wuta. Can ya ajiye, ya fara kwance igiyar.

"Ki koma ki amsa masa," ya ce, yana danne murmushi. "Ki ce ya rage surutu, ya turo manya."