Ƙafar da Ta Ƙi Yin Ƙarya

A gida kowa ya san Auta ta iya rawa. Ko cokali aka buga a kan kwano, sai kafaɗarta ta motsa. Yayanta yana kiranta Sarauniyar Madubi, don kullum a gaban madubin ɗakin Mama take rawarta, ƙofa a rufe.

A makaranta ma akwai madubi. Na ɗakin koyon rawa babba ne, ya cinye bango guda. Yara suna jeruwa a gabansa bibbiyu, kowa da abokin rawarsa. Abokiyar Auta wata ƙaramar yarinya ce mai saurin ƙafa, ana ce mata Tsigi.

Auta tana son madubin nan. In ta manta taku, sai ta saci kallon na gefenta a ciki. In kunya ta kama ta, sai ta dubi fuskar kanta, hankalinta ya kwanta.

Da wasan ƙarshen zango ya matso, Malamar rawa ta zo da tsofaffin labulaye. Ta rufe madubin ruf.

"Malama, ya fashe ne?" in ji Tsigi.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Malama. "A kan dandamali babu madubi. Gara ku saba tun yanzu."

A ranar Malama ta kai su babban zauren makaranta su gwada dandamalin. Kujeru sun jeru har ƙarshen zauren, yawancinsu babu kowa. Sai wasu 'yan babban aji da suka zauna a baya suna hira.

Baba Makaɗi, tsohon da ke yi musu kiɗa, ya buga ganga. Kowa ya taka. Auta ta ɗaga kai. Inda ta saba ganin fuskarta, sai ta ga idanun mutane. Ƙafafunta suka yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse.

Tsigi ta miƙo hannu don su juya tare. Auta ba ta kama ba. Tsigi ta juya ita kaɗai, ta yi karo da na bayanta. Layi ya wargaje. Can baya wani ya ƙyalƙyale da dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba, amma ta bi Auta har gida.

"Mutum nawa ne yau? Ba su cika layi ɗaya ba," ta ce a ranta. "To ranar da zauren zai cika fa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Da yamma ta buɗe akwatin magungunan Mama. Ta ɗauki bandeji, ta cusa a jaka. Washegari ta laɓe a bayan aji, ta naɗe ƙafarta ta dama. Ta shiga ɗakin rawa tana ɗingishi.

"Me ya same ki?" in ji Malama.

"Targaɗe na yi, Malama. A matakala."

Malama ta dubi ƙafar, ta dubi fuskar Auta. "Sannu. Je ki zauna a benci." Sannan ta juya. "Tsigi, ke ma sai haƙuri. Rawar bibbiyu ce, kuma kowa da abokinsa. In Auta ba ta warke ba, ba za ki hau dandamali ba."

Wannan kam Auta ba ta taɓa tunaninsa ba.

"Amma Malama, Babana zai zo," in ji Tsigi. Muryarta ta yi ƙasa. "Ya roƙi maigidansa hutu."

Duk ajin sun san baban Tsigi direban babbar mota ne. Yakan daɗe a hanya. Bai taɓa ganin 'yarsa tana rawa ba.

Tsigi ta zo ta zauna kusa da Auta. Ba ta yi fushi ba. Da aka tashi, har jaka ta ɗaukar mata.

"Yana miki zafi sosai?"

"Kaɗan," in ji Auta, kanta a ƙasa.

"Ki riƙa gasa shi da ruwan ɗumi. Ki warke da wuri, kin ji?"

Haka aka yi ta yi. Kullum Auta ta naɗa bandeji a bayan aji, ta kwance kafin ta isa gida. Abinci ya daina yi mata daɗi.

"Mama tana neman bandejinta," in ji Yaya wata rana suna cin abinci. "Ko ya yi ƙafa ne?"

Auta ta ƙware, sai da aka ba ta ruwa.

Ana sauran 'yan kwanaki wasan, Baba Makaɗi ya zo da ƙarfinsa. Ya saki kiɗa mai shiga jiki. Auta tana kan benci, tana kallon 'yan ajinsu suna juyi. Ta manta da kanta. Da aka zo wurin da kowa ke dira ƙafar dama da ƙarfi, sai aka ji wata dirar daga benci. Dim!

Ƙafar mai bandeji ce.

Tsigi ta dubi ƙafar. Ta daɗe tana dubanta. Ta ɗauki jakarta, ta koma can ƙarshen benci, ta juya baya.

Da aka tashi, Malama ta ce, "Auta, tsaya."

Ɗakin ya yi tsit.

"Ƙafar nan taki ta fi bakinki gaskiya," in ji Malama. "Kwance bandejin."

Auta ta kwance. Babu kumburi, babu komai. Hawaye suka zubo mata.

"Tsoro nake ji, Malama. In na ga mutane suna kallona, sai komai ya gudu daga kaina. Na ga da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Rawarki ba muguwa ba ce. Kuma da kika ƙi tashi, ke kaɗai kika zauna?"

Auta ta girgiza kai.

"Tsoro ba laifi ba ne," in ji Malama. "Da kin faɗa mini tun ranar farko, da tuni mun yi maganinsa. Ga shi ƙaryar ta cinye mana lokaci. Za ki mayar wa Mamanki bandejinta, ki gaya mata gaskiya. Batun rawa kuwa, ba ni kika cuta ba. Tsigi ce za ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba."

Auta ta sami Tsigi a bakin ƙofar makaranta.

"Tsigi, ki yafe mini."

"Har jaka na ɗaukar miki," in ji Tsigi, ba ta dube ta ba. "Mai littattafai kamar bulo."

"Na sani. Tsoro ne ya sa ni. Zan tashi, in kin yarda."

"In kuma kika sake daskarewa a gaban Babana fa?"

Tsigi ta ɗan yi wasa da igiyar jakarta.

"Za ki ɗauki tawa jakar har ƙarshen zango," ta ce. "Kuma gobe ki zo da wuri."

A gida Mama ta saurari labarin har ƙarshe. Ba ta ɗaga murya ba. "Ramin ƙarya ƙurarre ne, Auta. Ki wanke bandejin nan, ki mayar inda kika ɗauke shi. Gobe ki zo da ƙawar taki ku yi rawar a nan, mu gani."

Washegari Malama ta tsayar da su suna fuskantar juna.

"Kin saba da madubi, ko? To ga madubinki nan. Idonki a kan Tsigi, kunnenki a kan ganga. Ki bar wa masu kallo kallonsu, aikinsu ke nan."

Suka yi ta maimaitawa lokacin da sauran yara suke hutun tara. Da yamma kuma suka yi a tsakar gida. Mama ta kira maƙwabta suka zauna. Yaya ya sa kujera a gaba, yana tari da gangan, yana murguɗa baki, yana zare ido.

"In kin tsira daga fuskar nan tawa," ya ce, "babu fuskar da za ta tsorata ki."

Karon farko Auta ta tsaya cak. Karo na biyu ta kai tsakiya. Daga baya har ta kai ƙarshe.

Ranar wasa zauren ya cika maƙil. Daga bayan labule Auta tana jin hayaniyar mutane kamar ruwan sama a kan kwano. Ta kama hannun Tsigi. Sai ta ji shi da sanyi ƙarara.

"Ke ma?" ta raɗa mata.

"Tun safe nake jin tsoro," in ji Tsigi. "Kada ki gaya wa kowa."

Aka ja labule. Fitilu suka haske su. Baba Makaɗi ya buga ganga.

Auta ta yi kuskuren ɗaga kai. Fuskoki ko'ina, har bakin ƙofa. Nauyin nan ya dawo ƙafafunta. Sauran yara sun fara takawa, ita tana tsaye.

"Auta," in ji Tsigi ta tsakanin haƙoranta. "Ni. Kalle ni."

Auta ta mayar da idonta kan Tsigi. Ta ja numfashi. Ta nemi gangar da kunnenta, ta same ta. Ƙafar dama ce ta fara motsi, kamar yadda ta yi a benci. Ta hagu ta bi ta. Tsigi ta miƙo hannu, wannan karon Auta ta cafke.

Can tsakiyar rawar ta juya hagu a inda ya kamata ta juya dama. Tsigi ta bi ta kawai, tana murmushi. Ba wanda ya yi dariya. Da aka zo wurin dira, Auta ta dira ƙafar dama har katakon dandamali ya amsa. Dim!

Tafi ya ɓarke. A can baya wani ƙaton mutum ya miƙe tsaye da rigar aikinsa, yana kaɗa hula a sama.

"Babana ne," in ji Tsigi, idonta ya cika da ƙwalla.

A hanyar gida Auta tana rataye da jaka biyu. Yaya ya ce daga yau ya sauke ta daga sarautar madubi. Mama ta tambaye ta ko tsoron ya tafi.

"Yana nan, Mama. Tare muka yi rawar."

Daga ranar Auta ta riƙe darasinta. Jin tsoro ba abin kunya ba ne. In ka faɗe shi, za ka sami mai taimaka maka. In ka rufe shi da ƙarya, ba kai kaɗai za ta cuta ba, har da wanda ya dogara da kai.