Ban Gaya wa Inna Inda Za Mu Ba

Da la'asar sakaliya muka isa gidan Gogo, yayar mahaifina, a wani ƙauye bayan Barkiya. Ni ce da Malam Zubair, likitan dabbobi na gidan namun dajin da nake yi wa bincike. Kunkuru muka je ɗauka.

Irin manyan nan ne na tudu, waɗanda suka kusa ƙarewa a ƙasarmu. Gidan namun dajin yana da maza uku, ba mace ko ɗaya. Ni na ce na san inda mace take, domin akwai wata a gidanmu tun kafin a haifi mahaifina. Shirin shi ne ta yi shekara biyu a can, ta saka ƙwai, a raini 'ya'yan, a saki wasu a daji, 'yan makaranta kuma su riƙa zuwa gani.

A gidan, Inna ake ce mata. Raminta yana gindin tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba. Kowa ya wuce sai ya yi mata sallama. Ina ƙarama ni ma na yi.

Gogo ba ta hana ba. Ta ce, "Tun da don zuriyarta ne, ku tafi da ita. Amma Kyauta, ki durƙusa ki gaya mata inda za ta, da ranar dawowa. Ba a fita da ita ba ta sani ba. Ba tamu ba ce, zama kawai take yi da mu."

Kyauta sunana ne na gida. A wurin aiki Dokta Halima ake kirana.

Gogo ta shiga ɗaki dama mana fura. Malam Zubair yana tsaye da ma'auni, yana murmushi.

"To Dokta, a gaya mata da Turanci ko da Hausa?"

Na yi dariya. Wannan dariyar ce har yau take ƙona ni. Na kasa durƙusawa a gabansa in yi magana da kunkuru. Muka auna ta, kilo arba'in da ɗaya. Muka sa ta a akwatin katako, muka ɗora a bayan mota.

Da Gogo ta fito, ta ce, "Kin gaya mata?"

Na ce, "Na gaya mata, Gogo."

Muka kama hanyar Kurfi, da niyyar kwana a Dutsin-Ma. Hanya ce ta yashi, dawa ta yi tsawo hagu da dama. Rana ta yi ja. Daga nesa wani ladan ya fara gyaran murya.

Sai motar ta fara nauyi.

Malam Zubair ya sauya giya. Inji yana ƙugi, mota tana rarrafe. Bayanta ya yi ƙasa kamar an loda buhun gero ashirin.

"Yashi ne," in ji shi.

Amma wurin ba yashi. Ƙasa ce mai tauri.

Motar ta tsaya, injin ya mutu. Tsuntsayen da ke cikin dawa suka yi tsit. Ladanin ma ban ƙara jin sa ba.

Wani wari ya cika motar. Warin laka mai sanyi, irin na ƙasan rijiya. Na san shi tun ƙuruciya.

Daga bayan mota muka ji ƙarar farce a jikin katako. A hankali. Sau uku.

Sannan murya, ƙasa-ƙasa, ta tsohuwar da ba haƙori.

"Kyauta."

Na dubi Malam Zubair. Hannayensa suna kan sitiyari.

Ya ce cikin raɗa, "Dokta, wa ke kiran ki?"

Ashe shi ma ya ji.

"Kyauta. Ina za mu?"

Malam Zubair ya fara Ayatul Kursiyyu, yana sarƙewa yana sakewa. Na buɗe ƙofa na sauka, domin na san da ni ake.

A ƙasa akwai sawu. Sawun kunkuru, manya da ƙanana, sun zagaye motar. Ina kallo wani sabo ya fito kusa da ƙafata, babu abin da ya taka.

Na zagaya baya. Murfin akwatin a buɗe yake, alhali da hannuna na sa sakata. Inna ta miƙo wuya, tana kallona.

Bakinta bai motsa ba. Daga ƙarƙashin mota muryar take fitowa.

"Kin ce kin gaya mata."

Wani abu mai sanyi, mai kaushi, ya riƙe idon sawuna.

Na zube a gwiwa. Na yi sallama. Na ce, "Inna, ƙarya na yi. Kunya na ji." Na gaya mata komai: mazan uku, ƙwai, shekara biyu. Ina kuka ina bayani, kamar ɗaliba a gaban malami.



Riƙon ya ƙara tsauri, har na ji shi a ƙashi.

Na ce, "Gida za mu. Yanzu."

Aka sake ni.

Murɗa ɗaya motar ta tashi. Da muka juya, ta zama sakayau kamar ba kowa a baya. Ba mu tsaya ba sai ƙofar gida.

Gogo tana zaune kan buzun salla. Ta dubi akwatin, ta dubi gwiwoyina da suka yi ƙasa. Da ta yi faɗa, da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce wa Malam Zubair kawai, "Sauke ta a hankali, Malam, ta sha hanya."

A rahoton da na rubuta, na ce ɗauke tsohuwar dabba daga inda ta saba zai iya cutar da ita. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Malam Zubair ya sa hannu bai karanta ba.

Daga baya namiji ɗaya aka kawo ƙauyen. Da damina ta biyu ƙwai tara suka ƙyanƙyashe a gindin rijiyar. Yanzu 'yan makaranta daga Kurfi da Dutsin-Ma suna zuwa, ni nake yi musu bayani, ina ɗingishi kaɗan, domin ƙafar ba ta koma daidai ba.

Gogo ta rasu bara. Sau da yawa na zauna kusa da ita da niyyar neman gafara, sai in kasa. Tun daga ranar nan, duk abin da na faɗa mata, ko da gaisuwar mutanen Dutsin-Ma ce, sai ta ɗan yi shiru tana dubana kafin ta ce, "To."