Hatimin Chizuru

"Ba zan buga hatimina ba, Mama."

Chizuru ta ture takardar sakin auren, ta bi ta gefen kwanon shinkafa ta koma gaban surukarta, Fusae. Mijinta Noboru yana zaune yana kallon miyarsa kamar a ciki aka rubuta amsar.

"Ji mini 'yar boko," in ji Fusae. "Saki ne na takarda kawai. Uwa marar miji ta fi samun maki wurin rabon gurbi, nan take gwamnati za ta ba 'yarki Kotone gurbi a gidan reno kusan kyauta. Rabin unguwar nan haka suka yi. Ke da ba ki da uwa ba ki da uba, har kina da abin yin girman kai?"

"Ina da miji, Mama. Ko ba ni da shi, Noboru?"

Noboru ya kurɓi miya.

Sakamakon rabon gurbin gidan reno ya fito, babu sunan Kotone. Hutun haihuwa ya ƙare, Chizuru ta koma kantin maganin da take aiki, kullum da goyo a ƙirji cikin cunkoson jirgin ƙasa zuwa wurin wata mai reno a can bayan gari. Yarinya ta kama tari, mai kanti ya fara haɗe rai, Fusae kuwa ta ce gwiwoyinta ba za su iya reno ba, alhali ba ta fasa zuwa rawar tsofaffi. Chizuru takan kunna turare gaban hoton mahaifiyarta, hawaye na zuba: "Umma, ki duba mini yarinyar nan... ni na rasa gabas na rasa yamma."

Ana nan sai aka kira ta daga ofishin gunduma, wai an samu gurbi. Ta tafi da gudu tana murna. Ma'aikaciyar ta yi mata barka, ta ce, "Renon ɗa ba miji akwai wuya, sannu da ƙoƙari."

"Ba miji? Da safe na ɗaura masa abincin ofis."

"Amma an sake ki tun watan jiya. Ga hatiminki."

Chizuru ta dubi jan tambarin. Nata ne, hatimin da take bugawa a madadin sa hannu, wanda take ajiyewa a akwatin tufafi. To wa ta kwana da shi jiya? Sunan wa take amsawa yanzu, na gidan miji ko na gidan ubanta? Gidan da ta share da asuba, gidanta ne ko baƙuwa ce? Ma'aikaciyar ta rage murya: "Ke kika buga? In ke ce, ranar Litinin ki kawo yarinya. In ba ke ba ce, gurbin ya tafi, maganar kuma sai kotu."

Kotone ta yi tari a ƙirjinta. Chizuru ta daɗe tana shafa bayanta.

"Ba ni na buga ba."

A gaban alƙali Noboru bai jure tambaya biyu ba, ya fashe da kuka ya ce Mama ce ta ɗauki hatimin ta kwaikwayi rubutun, kuma ba don gurbin reno ba, sai don ta gaji da ganin marainiya a gidanta. Aka soke sakin, aka yanke wa Fusae hukuncin jabu. Matar da take taƙama a unguwa ta kai goshi ƙasa gaban Chizuru, maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta.

Da furanni suka buɗe a watan Afrilu, Kotone ta shiga gidan reno da gaskiyar sunanta, riƙe da hannun uwarta, wadda wani asibiti ya ɗauka aiki bayan shari'ar. Amma kafin ranar ta zo, kantin magani ya sallami Chizuru, ta yi sanyin hunturu guda a ɗakin haya, kuma mijin da kotu ta mayar mata, ba ta sake iya cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Wannan karon, da ta buga hatimin a takardar saki, da hannunta ta buga.