Rabin Maganin Lanok

"Layi biyu..."

Rinai ta ajiye ɗan abin gwajin a kan daɓen gora, ta kasa ɗaga kai. Zazzaɓin ya dawo, karo na huɗu ke nan tun saukar damina. Ga rana tana ƙwallewa, ga Lanok kwance cikin bargo biyu, haƙoransa sai kaɗuwa suke.

"Yi haƙuri, sanyin idona," ya ce da ƙyar.

"Na gaji, Lanok. Har cikin ƙashina na gaji."

Ita aka koya wa gwajin jini a ƙauyen, ita ke raba maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta san halin wannan zazzaɓin sarai. A hanta yake laɓewa, in ba a sha ƙwaya kwana goma sha huɗu cif ba sai ya dawo. Duk sanda Lanok ya fito daga daji wurin ɗiban zuma, sauro ya gama cinsa, da hannunta take damƙa masa maganin. To me ya sa nasa ba ya ji?

Amek, mahaifiyarta, ta riga ta yanke hukunci: ba ta ba da 'yarta ga mutumin da rabin shekararsa a kwance yake, in ya sake faɗuwa magana ta mutu. Ga Kedal mai babur, ma'aikacin gonar kwakwar manja, kullum yana gindin tsanin hawa gidansu da shinkafa da sukari, yana raɗa wa tsohuwar cewa daji ya riga ya kama kurwar Lanok.

"Wancan karon kwana nawa ka sha?"



"Bakwai..."

"Sauran fa?"

Ya juya fuska bango. Kedal ne ya roƙa, wai jikinsa da zafi. Sau uku yana zuwa, sau uku yana tafiya da rabi.

Wa bai san al'adarsu ta punan ba? Ka hana mutum abin da ya buɗe baki ya roƙa, ka jefa shi bakin maciji ko damisa, alhakin kuma yana wuyanka. Lanok kuwa ko rigar jikinsa aka roƙa sai ya tuɓe. Kedal ɗin da ta gwada sau biyu, jininsa fes!

Ko ƙarfin kuka ba ta da shi. Ta sauka daga tsani ta nufi gida, ta tarar da mata suna feren rogo, gogan naka Kedal ya harɗe a kan babur yana ba Amek labari.

"Kedal, roƙo na zo yi. Ka ba ni ƙwayoyin da Lanok ya ba ka."

Ya yi 'yar dariya, ya ce ai tuni ya haɗiye su.

"In ka haɗiye, shi ke nan. In kuwa suna nan ka hana ni, gobe zan shiga daji tsinko ganye. Abin da ya same ni, ga shaidu."

Wuƙaƙe suka tsaya. Makirci daban, punan daban, shi ma ai a ƙauyen aka binne cibiyarsa. Ya ɗaga kujerar babur, ya ciro gwangwanin taba. Ƙwaya ashirin da ɗaya, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Amek ta tashi ta kwaso shinkafarsa da sukarinsa ta ɗora masa a babur. Amma zancen aure, uffan ba ta ce ba.

Kwana goma sha huɗu Rinai tana hawa tsanin Lanok kowace safiya da ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Abin da ba ya hannunka ba mai roƙonka shi. Lokacin zuma ya wuce, bai samu ko kwalba ɗaya ba.

Rana ta goma sha biyar, layi ɗaya.

Ya taka a hankali har gaban Amek, duk ya rame, ya durƙusa.

"Amek, tunda nake ban taɓa roƙon kowa komai ba. Yau roƙo na zo yi..."

Tsohuwar ta kalle shi sama da ƙasa.

"Ja'iri. Ka san ba ni da ikon hanawa."

Ta tura masa gasasshen rogo.

"Ci ka yi nama. Ba ƙashi zan aura wa 'yata ba."

Rinai ta jingina da turken gida. Sai a lokacin kukan ya zo mata.