Ƙamshin Kankana a Rigar Auta

Umma ce ta fara jin ƙamshin. Tana zaune a falo tana ware kayan wanki, Injiniya ya shigo ya durƙusa gaishe ta, sai ta ɗaga hanci ta yi murmushi.

"Kai ma irin turaren Auta kake sawa? Ga rigarsa nan, duk tashin ƙamshin kankana take. Yaran yanzu, an bar turaren manya an koma na kayan lambu."

Auta, ƙaramin ɗanta mai shekara sha shida, ya kwashe da dariya daga bakin ƙofa, dariyar ta ƙare da tari. Yayarsa Siririya, wadda saboda ita Injiniya ke zaryar gidan, ta sunkuyar da kai kan tiren shayi. Injiniya ma ya yi yaƙe. Su ukun sun san ba turare ba ne.

Ba injiniyan gaske ba ne, sunan tsokana ne ya bi shi. Waya yake gyarawa a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tebur ɗaya, fitila ɗaya, da benci na masu jira. Duk abin da ya gyara sai ya ɗiga masa jan fenti a gefe, don ya gane aikin hannunsa in an dawo da shi. Ɗigon nan yana jikin wayar Umma, yana jikin rimot ɗin gidan.

A bencin nan Auta ke yini bayan makaranta, don gida ba ya masa daɗi. Baba direban babbar mota ne, zuwansa kamar na baƙo. Babban wansu, Yaya Babba, shi ne hukuma: in Auta ya faɗi jarrabawa ya zare bel, ya kira shi daƙiƙi, da hannunsa ya huce kuma ya aike shi sayo masa taba. Ga asma tun yana ƙarami, ba ya ƙwallo, ba ya gudu, abokansa suna kiransa Tsoho. Ranar da wani ya miƙa masa sigarin lantarki, wanda suke ce wa fen, ya busa hayaƙin ya fita zobe-zobe, suka yi masa tafi, suka ɗauke shi bidiyo. Tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa tafi ba.

Wata rana ya ajiye fen ɗin a teburin.

"Yaya Injiniya, ramin cajin ne ya mutu."

"Ɗauke min abin nan. Kai da ko bene ba ka hawa sai ka huta?"

"Ai shi ke sa kaina ya yi shiru," in ji Auta. Ya bar shi nan ya fita yana kumbure-kumbure.

Ba a jima ba Siririya ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. "Don Allah ka gyara masa. Ka san shi kaɗai ne namu a gidan nan, in ya juya mana baya Yaya Babba zai samu yadda yake so. Kuma ai ba taba ba ce, tururi ne kawai da ƙamshi."

Muryar nan ba ta taɓa roƙonsa abu ya hana ba. Ya kunna fitila, ya buɗe cikin fen ɗin, ya canza ramin caji, aikin ya yi kyau har ya ji daɗin kansa. Hannunsa ya saba, ya ɗiga jan fenti ba tare da ya yi tunani ba.

Daga nan shagon ya zama maɓoya. Auta ya sha da safe, ya sha da rana, ruwan da ake zuba wa fen ɗin ya ƙare ya sayi mai araha wanda ba a san wa ya haɗa shi ba. Tarin ya yi zurfi. Injiniya yana ji, ya ƙara ƙarar rediyo.

Da rana tsaka Auta ya yanke jiki ya faɗi a matakalar makaranta. Injiniya ya isa asibiti ya tarar da su a baranda, Umma ba takalmi. Likita ya fito ya tambayi abin da yaron ke shaƙa, don huhunsa ya yi mummunan kumburi. Kowa ya ce bai sani ba. Nas ta miƙo kayan Auta a leda, fen ɗin ya zamo daga aljihun wando ya gangara har gaban Yaya Babba.

Ya ɗauka, ya juya shi, ya ga jan ɗigo.

Marin farko ya kai Injiniya jikin bango. Na biyu ya fasa masa leɓe.

"Kai ne ashe. Muna ba ka shayi kana ba ƙanenmu guba. Matsiyaci, mai tonon shara da sukurudireba, dama na ce ba ka kai ka taka tabarmar gidanmu ba."

Umma ta matso. Ba ta dake shi ba, da ma dukan ta yi. Ta kama wuyan rigarsa ta shinshina, ta saki kamar ta taɓa ƙazanta.

"Na ce turare, ka yi min dariya. A falona."

Ya dubi Siririya. Tana manne da ginshiƙi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta raba laifin biyu, amma ya ga bel ɗin Yaya Babba, ya ga siraran hannayenta. Ya haɗiye jinin bakinsa ya ce, "Ni na gyara."

Auta bai tashi ba. An sa masa na'urar numfashi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka da ƙarfin da ba nasa ba, har wata safiya aka kashe na'urar. Injiniya ya zo gaisuwa, Yaya Babba ya tare shi a ƙofa gaban jama'a, taba a yatsunsa, ya watso masa duk kyautar da ya taɓa ba Siririya: agogo, abin sa wa kunne, 'yar fitilar karatu.

"Kwashe. In na sake ganinka a layin nan, sai an ɗauke ka."

Ya durƙusa yana tsinta a ƙasa, mutane suna tsallake hannunsa.

Labari ya zaga. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa shagon. Samarin da ke kawo fen gyara kuwa ya riƙa mayar musu, suka koma kiransa Liman suna dariya, suka tafi wani shagon da wayoyinsu gaba ɗaya. Wani lokaci ya yini bai taɓa sukurudireba ba, yana kallon gefen bencin da Auta ya goge da zama. Ƙamshin kankana ya daɗe a labulen shagon. Bai wanke ba, bai kuma iya shaƙa ba. Siririya ba ta kira ba, shi ma bai kira ba. Ya ce a ransa wannan shi ne rabonsa na hukunci.

Damina ta zo ta wuce. Wata la'asar inuwa ta tare masa haske, ya ɗaga kai ya ga Umma. Ta rame, mayafinta kamar an rataye a ƙusa. Ta ajiye wayar Auta a tebur.

"Ta ƙi kawo wuta. An kai wurare, sun ce sai an goge komai. Muryarsa tana ciki, wadda ke wayata ta goge."

Ya duba. Ramin caji ne. Ya kunna fitila, ya canza shi. Wayar ta haska. Umma ta taɓa saƙon murya na ƙarshe da ya tura mata.

"Umma, ina hanya, kar ki bari Yaya ya cinye nawa." Sai tari, dogo, mai ƙara kamar ana yaga takarda, sannan dariya.

Ta sake saurare. Ta zauna a bencin, daidai wurin Auta.

"Ranar da ya turo min wannan, dariya na yi. Ban ji tarin ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Siririya ta faɗa min ita ta sa ka. Ta daina cin abinci, ta zube a gabana ta faɗa. Na ce mata da ma ita ce ta tafi. Da bakina na faɗa wa 'yata haka." Ta ɗago ta dube shi. "Babba ya koya masa hanyar shagon taba. Ubansa bai san ajin da yake ba. Ni na ce turare. Muka taru muka ɗora wa mutum ɗaya, don shi ne ya sa hannu da jan fenti."

"Umma, ni ma na ji tarin. Rediyo na ƙara."

"Na sani. Ban ce ba ka da laifi ba. Na ce ka ɗauki naka, ka ɗauki namu, ba ka tona yarinyar ba." Ta miƙe da ƙyar. "Ka zo gida gobe. Babba ba zai gaishe ka ba, ka yi haƙuri da shi. Na rasa ɗaya, ba zan zauna ina kallon ta biyun tana narkewa ba."

An yi auren ba hayaniya. Yaya Babba bai zo ba. Siririya ta samu wanda take so, Injiniya ya ga ribar haƙurinsa, amma duk ranar da suka zauna cin abinci a gidan Umma akwai kujerar da ba mai ja.

Yaro ba ya fara shan abin nan don yana son mutuwa. Yana farawa ne don gida ya yi masa zafi, waje ya yi masa tafi, abin kuma yana ƙamshin alewa. Wanda ya gani ya yi shiru don kada a ɓata da shi, ya sa hannu ko bai ɗiga fenti ba.

Har yau in mai kankana ya wuce ƙofar shagon, Injiniya yakan ajiye aiki ya kashe rediyo, ya zauna kamar mai jiran ya ji tari daga benci.