Fom Mai Kwanan Watan Gobe

Dab da magariba na koma ofishin ƙungiyar masunta ɗaukar cajar wayata. Ni ke kula da rumbun bayanansu a bakin tafki, kusa da Homa Bay. Ni na haɗa fom ɗin da shugabannin gaɓa ke cikewa ta waya idan ruwa ya ci mutum: suna, lambar kwale-kwale, kwanan wata. Shekara uku ina wannan aiki, har sunan mamaci ya daina taɓa ni.

Na sa wa shafin fom ɗin sharaɗi, kada ya karɓi ranar da ba ta zo ba. Amma can ciki, inda bayanan ke sauka, ban sa mai tantancewa ba. Lalaci ne kawai, ba zan ɓoye ba.

Sau biyu a watan nan suna ya shigo da kwanan watan gobe. Mzee Rabuor, sakatarenmu, ya ce yatsun masunta ne, kauri ya yi musu yawa. Duka biyun washegari aka tsamo gawarsu. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka.

Na buɗe ƙofa, ƙarnin kifi da warin ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa suka tare ni. Kwamfutar da na kashe tana kunne. Ruwa na ɗiga daga kujerata, ɗis, ɗis.

Sabon suna ya shigo. Ogola Owiti, yayana. Gobe.

Na goge. Ya dawo.

Na kira shi, yana loda fitilun kamun omena, ƙananan kifin nan da ake bi cikin duhu. Ya yi dariya.

"Akoth, na'urar taki ta fara duba ne? Kwamfuta yarana za su ci?"

"Yaya, don Allah ka kwana a gida."

Ya ce to.

A tsaye na rubuta sharaɗin ciki. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba, yatsuna kawai ke aiki. Na goge sunan, na jira.

Maɓallan kwamfutar suka fara danna kansu, a jiƙe. Allon ya nuna:

An ƙi.

An ƙi.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata. Wani abu mai santsi ya kama wuyan hannuna, murya ta raɗa mini:

"Ba sauri nake ba."

Na fizge, na fita ko ƙofa ban rufe ba.

Da safe na tarar da sunan zaune a rumbun, an karɓa. Ranar dai ita ce, amma yanzu ta zo, sharaɗina bai ga laifinta ba. Ina tsaye matar yayana ta kira. Ya kwana a gida kamar yadda ya ce. Da gari ya waye ya je duba igiyar kwale-kwale, a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Nan aka tsamo shi.

Har yau ban yi kuka ba. Bayan an binne shi, Mzee Rabuor ya ce in goge wancan da ya shigo da kansa, in shigar da yayana da hannuna yadda ya dace. Na zauna na karanta sau uku, suna, lamba, kwanan wata. Ban sami abin gyarawa ba.